Hailalar da Ta Ƙi Rabuwa

Kebbe, ranar Talata

Zuwa ga taubashina Malam Haliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ni'imatu da yara. Yaya ƙafa? Mun ji labarin faɗuwar da ka yi da mashin, an ce har ɗori anka yi maka. Allah shi ba ka lafiya. Amma mutumin da ke koya wa ɗiyan mutane lissafi a sakandare, a ce ya kasa auna faɗin kwalbati, ai abin kunya ne ga dangi.

Na kira ka har na gaji. Sabis ɗin unguwarmu sai mutum ya hau tudun makaranta, kuma maganar ta lamba ce, in waya ta haɗiye rabi an shiga uku. Shi ya sa na rubuto. Sirajo mai kabu-kabu zai kawo maka, ka ba shi amsa in zai dawo.

Inna, goggonka Batula, jiki ya ƙi. Likita ya ce zuciyarta ce ta kumbura, numfashi ba ya isarta, in ta yi magana kaɗan sai ta huta. Amma ba ciwon ke damunta ba. Ka tuna da damina, lokacin da kububuwa ta sari yayana Shafi'u a gonar Fakku, anka ɗauko shi ko motsi ba ya yi? Ashe ranar Inna ta yi bakance a kan abin sallarta. Ta ce in Allah ya tashi ɗanta za ta yi hailala bisa raka'o'in farilla goma sha bakwai na yini: raka'ar farko ɗaya, ta biyu biyu, ta uku huɗu, kowace ta ninka wadda ta gabace ta, har ta ƙarshe. A zatonta abin ba zai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Shafi'u ya tashi garau, yanzu ma ya fi kowa ci a gidan nan.

Ta fara da ƙwayar masara, kowace hailala ƙwaya ɗaya a cikin ƙwarya. Ta ga ana tafiya abin na kumbura, ba ta ce wa kowa komai ba. Rannan akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye lissafin tas. Inna ta ce sai dai a sake daga farko, kafin ta sake ciwo ya kwantar da ita.

Yanzu kullum maganarta ɗaya, ba za ta je gaban Allah da alkawari a wuyanta ba. Mun tambayi Malam Rufa'i, limamin unguwarmu, ya ce dangi na iya taya ta, Allah shi ne mai karɓa. Sai dai ya ce adadi kamar haƙoran makulli ne, kada a ƙara ko ɗaya, kada a rage. Inna kuma ta kafa nata sharaɗin, wai a raba daidai wa daida, kada rabon wani ya fi na wani ko da ɗaya. Ka san dalili. Tun rabon fadamar Dogon Daji da ya raba ta da ƙanenta Kawu Abdu, mahaifinka, ba ta son jin an ce wani ya fi wani a kanta.

Mu goma sha biyu munka yarda, har da kai da matarka, na sa ku ban tambaye ku ba. Ka faɗa mana jimilla nawa ce, kuma nawa kowa zai ɗauka. Don Allah ka yi sauri.

Taubashiyarka,
Nasiha

*

Tambuwal, ranar Alhamis

Zuwa ga Nasiha,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun tayar da hankali ƙwarai da jin jikin Goggo. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni'imatu tana gaishe ku. Ƙafa da sauƙi, sai dai maɗori ya hana ni takawa, ina zaune kamar tulu. Kwalbatin kuwa ba ni na kasa auna ta ba, raƙumi ne ya shigo hanya, amma na san ba za ki yarda ba.

Na yi lissafin sau biyu, da hannu da kalkuleta. Raka'a ta goma sha bakwai kaɗai ta ɗauki 65,536. In aka haɗa duka, jimilla ita ce 131,071, wato dubu ɗari da talatin da ɗaya da saba'in da ɗaya. Hailala dubu saba'in da ake yi wa mamaci ma ba ta kama ƙafarta ba.

Nasiha, da na ga lambar nan sai da na ajiye biro na yi dariya ni kaɗai. Kin san abin da Goggo ta yi? Akwai lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar 7 ko 13. Mu a aji muna ce musu firam. To ta Goggo firam ce, kuma ba ta banza ba. A cikinsu akwai wani ƙaramin gida da ake kira gidan Marsen, sunan wani Bafaranshe, su ne waɗanda ake samu in an yi ta ninka biyu sannan a cire ɗaya: 3, 7, 31, 127, 8,191, ta shida ita ce ta Goggo. Ba kowane ninki ke haifar da irinsu ba. Da raka'o'in goma sha ɗaya ne, da jimilla ta zama 2,047, wadda mutum ashirin da uku za su raba kowa 89. In kwamfuta za ta rubuta ta Goggo da irin nata rubutun, ɗaya-ɗaya ce guda goma sha bakwai a jere, babu sifili ko guda. Shekara da shekaru ina koyar da wannan yara na hamma, ashe goggona ta ɗauko ta a kan abin salla.

Ku goma sha biyu, kowa zai ɗauki 10,922, sai bakwai su yi saura. Shawarata mai sauƙi ce. A ƙara ɗaya ta zama 131,072, a samu mutum takwas ko goma sha shida, za ta rabu lafiya lau. Hailala ɗaya ta ƙari ai ba za ta cuci kowa ba.

Ki gaishe da Goggo da jiki.

Naki,
Haliru

*

Kebbe, ranar Asabar

Haliru,

Assalamu alaikum. Muna nan da godiyar Allah. Inna jiya ko kunu ba ta sha ba, ƙafafunta sun kumbura, da zaune take kwana.

Na karanta takardarka, wallahi raina ya ɓaci. Uwata na kokawa da numfashi, kai kana ajiye biro kana dariya. Mi ya haɗa ni da Bafaranshe? Na tambaye ka nawa kowa zai ɗauka, ka buɗe min aji. Rabin takardar ban karanta wa Inna ba, na tsallake.

Maganar ƙara ɗaya ka bar ta. Na kai wa Malam Rufa'i, ya ce ai tun farko ya faɗa. Inna kuwa cewa ta yi abin da bakinta ya faɗa wa Allah shi za a kai masa, ba za a yi masa gyara ba kamar mai awon gero.

Tunda goma sha biyu ba ta yi ba, mun nemo ƙari. Hauwa'u matar Shafi'u ta shiga, da Atu ƙanwar babanmu, munka zama goma sha huɗu. Shafi'u ya danna a wayarsa ya ce saura uku. Jiya Sambo ɗan baffanmu da matarsa sunka aiko daga Fakku, mun zama goma sha shida, wai yanzu kuma saura goma sha biyar. Muna ƙara mutane abin na ƙara lalacewa. Shafi'u ya fita waje ya yi kuka, ya ce da ya san haka da maciji ya ƙarasa shi.

Ni ban yarda ba. A ce duk duniya babu adadin mutanen da zai raba lamba? Ka gwada duka ne, ko ka gaji ka kira ta firam? Zan faɗa maka abin da ake faɗi a nan, don kada ka ji a bakin wani. Atu ta ce gidan Tambuwal ba su son shiga ne, shi ya sa sunka fake da lissafi. Na ce mata Haliru ba haka yake ba. Kada ka ba ni kunya.

Nasiha

*

Tambuwal, ranar Litinin

Zuwa ga Nasiha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, hankalinmu yana wajenku. Ki yi haƙuri da takardata ta baya. Ni'imatu ta karanta taki ta ce kin ma rage min. Zaman wuri ɗaya ne ya sa ni surutu, amma Goggo ce ta goya ni lokacin da mahaifiyata ke jinya, ban manta ba. Ki faɗa wa Atu mu bakwai na Tambuwal da aka rubuta babu wanda zai janye.

Kin tambaya ko na gwada duka. Ba sai an gwada duka ba, ga dalili. In lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya kasance ƙarami. Ga wannan, ƙaramin ba zai wuce 362 ba, domin 363 sau 363 ta riga ta zarce ta. Sannan 'yan gidan nan da na faɗa miki suna da ƙa'ida, ga ta Goggo duk abin da zai raba ta sai ya zama ninkin 34 da ɗaya a kai. Da aka tace, huɗu suka rage: 103, 137, 239 da 307. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta bar saura. Wani Ba'italiye ya riga ni tabbatar da haka sama da shekara ɗari huɗu, ba shi da kalkuleta. Ko Kebbe gaba ɗaya za ta shigo ba za ta rabu ba. Wasu irinta suna da tagwai, wata firam a kusa da su da tazarar biyu, kamar 11 da 13. Ita ko wannan ba ta da shi, 131,069 tana rabuwa da 53, 131,073 tana rabuwa da uku. Ita kaɗai take tsaye.

Amma na daina kallonta, na kalli wadda ke ƙarƙashinta, kuma ina jin na samo hanya. In aka ware ɗaya, 131,070 ta rage. Ita wannan biyu na raba ta, uku, biyar, goma sha bakwai, duk suna raba ta. Ba a rage komai ba, ba a ƙara ba. Ɗayar da aka ware ta Goggo ce, mai bakancen, ta faɗe ta da bakinta. Numfashin hailala ɗaya dai tana da shi. Sauran dangi su raba daidai.

Matsalar ita ce goma sha shida ba ta yi. Ko ku zama goma sha biyar, kowa 8,738, wato a cire mutum ɗaya. Ko a zama goma sha bakwai, kowa 7,710, wato a nemo ɗaya. Ni a ganina cire ɗaya ya fi sauri. In ana jin nauyin wani, a cire ni.

Ki karanta mata wannan duka, kada ki tsallake.

Naki,
Haliru

*

Kebbe, ranar Laraba

Zuwa ga taubashina,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa na ƙara sauƙi. Yau na yafe maka kwalbati da raƙuminta. Inna ta sha kunu rabin kofi.

Na karanta mata duka, har da Ba'italiyen. Da na zo wurin ɗayar da ta rage sai ta sa na maimaita. Ta yi murmushi, rabon da in ga haƙoranta tun kafin ta kwanta. Malam Rufa'i ma ya ce wannan ta yi, babu ƙari babu ragi, kuma mai bakance ba ta cikin masu rabo.

Na ce mata to a cire ɗaya a zama goma sha biyar. Na ce ni zan fita, tunda jinya ma ta ishe ni aiki, babu wanda zai ce an wulakanta shi. Shafi'u ya ce shi, na ce kai da anka yi dominka? Inna ta bari munka gama gardama, sannan ta ce ba a cire kowa. Ta ce goma sha bakwai. Na fara lissafa mata maƙwabta da surukai, tana girgiza kai. Sai da ta huta sannan ta ce, "Gidan Tambuwal akwai wanda bai amshi rabonai ba."

Ba ta kira suna ba, amma ba wanda bai gane ba. Ni da kai mun san abin da ta faɗa wa Kawu Abdu ranar rabon fadama, cewa kada ƙafarsa ta ƙara taka gidanta, ko gawarta kada ya zo. Ina yarinya lokacin amma ina jin muryarta har yau. Shi ma bai ƙara takowa ba, ko rasuwar babanmu aike ya yi.

Sai kuma ta ƙara wani abin da ya tsorata ni. Ta ce tata ɗayar ita ce ta rufewa, ba za ta faɗe ta da niyyar bakance ba sai kowa ya gama nasa. Na roƙe ta ta faɗa yanzu a huta, ta juya min baya.

Mu na nan mun fara, kowa 7,710. Ku ma ku fara. Kawu kuwa gida ɗaya kuke, da sanda ma ka isa zaurensa. Ka san yadda za ka yi da shi, ubanka ne.

Nasiha

*

Kebbe, ranar Talata

Haliru,

Assalamu alaikum. Lafiya dai? Sirajo ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Ya ce ya gan ka a ƙofar gida ka ce babu saƙo. Na hau tudun makaranta na kira ka, tana shiga ba ka ɗauka. Ni'imatu ce ta turo min cewa ku bakwai kun gama. To mu ma tara mun gama. Rabo goma sha shida ya cika, saura na Kawu da ɗayar Inna.

Ban san mi zan zata ba. Wani lokaci in ce ba ka faɗa masa ba, tsoronsa kake ji kamar kullum. Wani lokaci in ce ka faɗa ya yarda, yana yi a hankali irin na tsofaffi, kana jira ya gama ka aiko da albishir. Da wannan nake lallashin Inna, kuma na fara jin kunyar ƙaryar.

Ta daina magana, Haliru. Ba wai ta kasa ba. In tana son ruwa nuni take yi, in an gaishe ta kai take ɗagawa, salla a zuci take yi. Hauwa'u ta tambaye ta dalili, ta nuna ƙirjinta ta ɗaga yatsa ɗaya. Tattalin numfashi take yi don kada ya ƙare kafin a zo kanta. Likitan da ya duba ta shekaranjiya ya ja Shafi'u gefe, da sunka dawo Shafi'u bai iya kallona ba.

Duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta buɗe ido. Ko mi ne ne ka rubuto, mai daɗi ko marar daɗi. Shirun nan ya fi min komai ciwo.

Nasiha

*

Tambuwal, ranar Laraba

Zuwa ga Nasiha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban rubuto ba ne don ban san yadda zan rubuta ba.

Na faɗa wa Baba tun ranar da takardarki ta zo. Na same shi a zaure bayan la'asar, na ba shi labarin macijin da bakancen da akuyar. Ya saurara, har ya tambayi wane likita ke duba ta. Sai na ga fuska, na ɗauko takarda na nuna masa yadda goma sha shida ke barin saura, goma sha bakwai kuma ta tafi daidai. Na ce masa mutum ɗaya ake nema a cika.

Ya kalli takardar. Sannan ya ce, "Batula ce ta ce Abdu, ko lissafinka ne ya ce Abdu?" Na ce ai ta ce gidan Tambuwal. Ya ce gidan Tambuwal har kaji akwai. Ya ce da lambar ta rabu da goma sha shida, da sai dai ya ji rasuwarta a masallaci, yanzu da aka rasa ciko ne aka tuna da shi. Ya ce wadda ta hana shi gidanta da bakinta, da bakinta za ta kira shi, shi ba ƙwayar masara ba ne da za a jefa a ƙwarya.

Na koma masa, mahaifiyata ta yi magana, har abokinsa na masallaci na turo. Ya ce duk wanda ya sake tayar da zancen, shi zai tafi ya bar masa gidan. Abinci ma ya rage ci, amma bai sauko ba.

Nasiha, lokaci na tafiya. Ku koma goma sha biyar. Kowa ya ƙara 1,028 a kan abin da ya yi, a ɗauki nawa a matsayin ba na ciki. Yini ɗaya ya isa. Ki lallashe ta.

Naki,
Haliru

*

Kebbe, ranar Alhamis

Haliru,

Wa alaikumus salam. Tana nan da rai, iyakar abin da zan ce ke nan.

Kai dai Allah shi shirye ka. Ka je wurin tsoho mai ɓacin rai na shekara da shekaru, ka buɗe masa takardar lissafi, ka ce ana neman ciko. Ni ma da haka zan amsa maka.

Na gwada mata goma sha biyar, ta rufe ido ta ƙi buɗewa har na fita. Ba za ta sauya ba, kuma ba za ta aika masa da magana ba, ka san jininsu ɗaya.

Ka koma masa ba tare da biro ba. Ka faɗa masa abin da ka manta, cewa goma sha biyar ma tana yi. Ka ce hanya mai sauƙi na nan tun farko, ni ɗiyarta na ce zan fita, ɗanta ya ce zai fita, kai ka ce a cire ka, ta ƙi. Ka ce an lissafa mata maƙwabta da surukai, kowa a shirye, ta ƙi. Ka ce likita ya gama magana, kuma ta san da haka, amma ta gwammace ta mutu da bakance a wuyanta da a cika shi babu shi. In wannan bai zama kira ba a wurinsa, to shi ke nan, Allah ya gani.

Nasiha

*

Tambuwal, ranar Juma'a

Nasiha,

Assalamu alaikum. A gaggauce nake rubutu, na samu mai motar da za ta bi ta wajenku.

Jiya na faɗa masa yadda kika ce, ban ƙara ba. Ya tambaye ni nawa ne rabon, na faɗa, ya sa na sake faɗa, ya tashi ya shiga ciki. Yau da aka fito sallar asuba bai dawo gida ba. Babu tasbaharsa, babu sandarsa, wayarsa kuma ga ta nan a kan tabarma. An ce an gan shi a tasha. Ban sani ba ko wajenku ya nufa, ko gidan ya bar mana kamar yadda ya ce. Bai sha maganin hawan jininsa ba, ga hanyar nan yadda take. Ni ga ƙafa.

In kin gan shi ki hau tudu ki kira ni.

Haliru

*

Kebbe, ranar Litinin

Zuwa ga ɗan'uwana Haliru,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka riga ka ji a waya. Mun gode da zuwan Ni'imatu da su Mama mahaifiyarka, Allah shi ba da lada. Akwai abin da ban iya faɗa a kan tudu ba, mutane na wucewa.

Kawu ya iso da hantsi ranar Juma'a, ƙura har gira. Shafi'u ya ruga ya tarbe shi, ya ce a shigo. Ya ƙi. Ya zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya tambayi ko tana da rai, anka ce tana nan. Ya fiddo tasbaha ya fara. Duk ɗari sai ya ajiye tsakuwa ɗaya a gabansa.

Ciki kuwa jiki ya rikice tun safe. Na fito na durƙusa na ce Kawu ka shigo ka gan ta, ka ƙarasa a ciki. Bai ko kalle ni ba, ya ɗaga min hannu don kada in ɓata masa ƙirge. Na shiga na fito, na shiga na fito, ina duba numfashinta ina duba tsakuwarsa. Tsoho ne, harshensa ba ya sauri, kuma ba ya yarda ya haɗiye harafi. Ya je Juma'a ya dawo ya ci gaba. Wallahi a raina na zage shi, na zage ka, na zagi lambarka. Na faɗa wa Inna a kunne cewa ya zo, yana yi. Ta damƙe hannuna.

Bayan la'asar ya gama. Ya tashi da ƙyar, ya shigo tsakar gida, ya zo ƙofar ɗakin Inna ya tsaya. Bai tsallako ba. Muna ciki ni da Shafi'u da Hauwa'u da Atu, Malam Rufa'i na daga gefe. Na ce Inna an gama, rabo goma sha bakwai ya cika, saura taki. Ta buɗe ido. Mun ga tana tara numfashi, tana ja a hankali, kowa yana jira. Idonta na kan ƙofa.

Ta ce, "Abdu, shigo."

Da ƙarfi ta faɗa, har na tsakar gida sun ji. Ya yar da sanda ya shigo, ya durƙusa, ya kai kunnensa bakinta. Ni ina riƙe da kanta, babu wanda ya fi ni kusa in ba shi ba. Ban ji komai ba, Haliru. Ka san kalmar ba ta buƙatar leɓe, harshe ke yin ta, don haka ba abin da na gani. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya ce wa Malam ta faɗa. Malam ya yi hamdala. Kafin magariba ta cika.

Tun ranar ban samu natsuwa ba. Na yi niyyar in faɗa mata ɗayar da kaina ko da ba ta samu ba, sai na tuna in ta faɗa na ƙara a kan adadi, kuma rabona ya fi na kowa da ɗaya, abin da ta hana. Na buɗe baki na rufe ya fi a ƙirga. Kada ka lissafa min komai, na san babu hanya.

Jiya da mutane sunka ragu na kai wa Kawu ruwa a zaure. Na ce Kawu don Allah ka faɗa min gaskiya, ka ji da kunnenka? Ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce sauti kam babu. Na ce to yaya anka yi ka ce ta faɗa. Ya ce, "Ɗiyata, ita ta koya min kalmar nan ina kan cinyarta, tana faɗi ina maimaitawa. Na san yadda numfashinta ke fita in tana faɗinta." Sai ya rufe fuska da hannun riga, na bar shi.

Ya ce ba zai koma ba sai an yi addu'ar bakwai. Ka aiko masa da maganinsa da riguna biyu.

'Yar'uwarka,
Nasiha